Yadda ake kwantar da furosesa da na'urorin katsewa kafin kenel ya sake tayar da kwamfuta

Kusan duk mai rubuta kenel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, yana fara aikin sake tayarwa da layi ɗaya: ya aika 0xFE zuwa ƙofar 0x64, QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, ta sake tashi, shi ke nan ya ɗauka an gama. Sai ranar da aka ɗora kenel ɗin a kan injin gaske mai furosesoshi takwas, allo ya yi baƙi, fanka tana juyawa, shiru kake ji. Ko kuma injin ya tashi, amma BIOS, manhajar allo da ke fara tayar da injin, ya sandare a tsakiyar gwajinsa. Dalili shi ne umarnin da ka bayar ba lallai ya goge komai ba. Abin da tsohon kenel ya bari a kunne yana nan a kunne, kuma wanda zai karɓi injin bayansa bai san da shi ba.

Jagorar ta fi karkata ga x86 mai bit 64, kuma zan riƙa kawo yadda Linux yake yi, domin lambarsa a buɗe take, kuma ta sha gwaji a kan injuna iri-iri.

## Wace irin tayarwa kake yi?

Iri uku ne, kuma nauyin da ke kanka ya bambanta a kowanne.

Na farko shi ne RESET cikakke. Cifset, wato da'irorin allo da ke haɗa furosesa da na'urori, yana aika siginar sake saiti ga furosesoshi da na'urorin PCI baki ɗaya. Furosesa ta koma yanayin farko, ta ɗauko umarninta na farko daga adireshin 0xFFFFFFF0, APIC ɗinta, wato mai karɓa mata katsewa (siginar da ke sa furosesa ta dakata ta saurari wata na'ura), ya koma yadda aka ƙera shi. A nan kayan aiki ne suke yi maka yawancin shara.

Na biyu shi ne INIT, kuma shi ne tarkon. INIT yana mayar da furosesa wurin farawa, amma ba ya taɓa kash (ƙaramar ma'ajiyar furosesa mai sauri), ba ya taɓa rajistocin MTRR masu tsara yadda ake amfani da kash, ba ya taɓa yawancin rajistocin MSR na saitin furosesa, kuma na'urorin da ke kan PCI ba su ma san an yi shi ba. A cifset da yawa na Intel, bugun da ke fitowa daga mai kula da allon rubutu na 8042, da na ƙofar 0x92, INIT kawai suke haifarwa. Wato wancan layi ɗaya da aka fi fara koya ba RESET ba ne.

Na uku shi ne kexec, wanda ya shiga Linux a sigar 2.6.13 a shekarar 2005. A nan babu sigina ko ɗaya: tsohon kenel yana kwafe sabo cikin RAM ya yi tsalle zuwa gare shi, ba a bi ta BIOS ba. Duk abin da ka bari, sabon kenel zai gada.

Shawarata ita ce ka rubuta hanyar kwantarwa guda ɗaya wadda ta isa ga kexec, ka yi amfani da ita a duka ukun. Ba ka da tabbacin irin siginar da allon wani zai fitar, don haka ka ɗauka mafi rauni za ka samu. Tsarin kuwa daga waje zuwa ciki yake tafiya: na'urorin da ke haifar da katsewa, sai hanyoyin da take bi, sai sauran furosesoshi, sai wadda kake kanta.

## Mataki na 1: tsayar da na'urori tun katsewa tana aiki

Kada ka yi gaggawar `cli`, umarnin da ke rufe katsewa. Direban diski yana buƙatar katsewa kafin ya san rubutunsa na ƙarshe ya sauka, don haka wannan mataki ana yin sa ne kenel yana cikakken numfashi. Ka zubar da duk abin da ke jiran rubutu zuwa diski, sannan ka bi na'urori ɗaya bayan ɗaya, ka fara da 'ya'ya kafin iyaye: diski kafin mai kula da shi, mai kula kafin gadar PCI da yake rataye a kanta. A Linux `device_shutdown()` ne ke wannan zagaye.

Abin da ake nema daga kowane direba abu biyu ne: na'urarsa ta daina DMA, wato karatu da rubutu a RAM ba tare da furosesa ba, ta kuma daina aiko katsewa. DMA ya fi haɗari. Katin sadarwa da aka bari da jerin wuraren ajiye saƙo zai ci gaba da zuba duk fakitin da ya shigo a waɗannan adireshi, alhali yanzu lambar sabon kenel ce ke zaune a wurin. Irin wannan ɓarna ba ta fitowa nan take, sai bayan mintuna, a wani wuri da ba shi da alaƙa da sadarwa.

Bayan direba ya gama nasa, ka bi da wuƙar PCI. A rajistar umarni, wadda ke 0x04 a sararin saitin kowace na'ura, ka share bit na 2, wanda ke ba ta izinin fara rubutu a RAM da kanta, ka kunna bit na 10 da ke hana INTx, tsohuwar katsewar PCI. Share bit na 2 yana kashe MSI ma, wato katsewar da ake aikawa a matsayin saƙo, tun da MSI ba komai ba ne illa rubutu zuwa adireshin da ya fara da 0xFEE. Linux yana share wannan bit ne kawai idan kexec ake yi, ya bar shi idan za a bi ta BIOS.

## Mataki na 2: koma kan furosesar farko

Cikin furosesoshin injin akwai guda ɗaya da BIOS ya fara tashi a kanta, ana kiranta BSP, kuma za ka gane ta da bit na 8 a rajistar `IA32_APIC_BASE`, wato MSR mai lamba 0x1B. Ka mayar da aikin sake tayarwa kanta, ka kuma hana a cire ko a ƙara furosesa daga wannan lokaci. A Linux sunan aikin `migrate_to_reboot_cpu()`.

Dalilin yana cikin halin INIT. Idan ya sami BSP, sai ta nufi BIOS. Idan ya sami ɗaya daga cikin sauran, sai ta zauna jiran SIPI, siginar da ke gaya mata inda za ta fara aiki, ba ta yin komai. BIOS da yawa kuma an rubuta su ne da zaton BSP ce ke kiransu. A kexec matsalar ta fi fitowa fili: sabon kenel da ya tashi a kan wata furosesa zai aika INIT ga sauran don ya tayar da su, cikinsu har da BSP, ita kuwa sai ta faɗa BIOS a tsakiyar aiki.

## Mataki na 3: toshe I/O APIC

Yanzu ka rufe hanyar da katsewar waje ke bi, wato I/O APIC, mai tura katsewar na'urori zuwa furosesoshi. I/O APIC galibi yana 0xFEC00000. Kana rubuta lambar rajista a wannan adireshi, ka karanta ko ka rubuta ƙimarta a 0x10 gaba da shi. Teburin turawa yana farawa daga rajista 0x10, kowane layi yana cin rajista biyu, kuma tsohon ƙirar 82093AA layi 24 gare shi. Kada ka dogara da 24, ka karanta adadin daga rajistar siga, kuma ka tuna inji ɗaya yana iya samun I/O APIC fiye da ɗaya. Teburin MADT na ACPI, tsarin da manhajar allo ke bayyana wa kenel injin da shi, shi ne zai lissafa maka su.

Ga kowane layi, ka kunna bit na 16 don toshe shi. Layin da aka saita don isar da katsewar SMI ka bar shi yadda yake, na manhajar allo ne, ba naka ba.

Akwai wani bit da ake yawan mantawa, na 14, mai suna Remote IRR. Katsewa mai riƙe layi, wato wadda na'ura ke ci gaba da ɗaga siginarta har a saurare ta, tana kunna wannan bit idan APIC na furosesa ya karɓe ta, kuma ba ya sauka sai an aiko EOI, wato sanarwar an gama hidimar katsewar. Idan ka tafi ka bar shi a kunne, wannan layi ya kurumce ke nan: sabon kenel zai buɗe shi, ya jira katsewar diski har ya gaji. Don sauke shi, I/O APIC mai siga 0x20 zuwa sama yana da rajistar EOI a 0x40, sai ka rubuta lambar katsewar a can. A tsofaffi dabarar ita ce ka juya layin zuwa mai bugu ɗaya yana toshe, sannan ka mayar da shi mai riƙe layi.

Me ya sa wannan ya riga kashe APIC na furosesa? Akwai kuskuren ƙira da Intel ta wallafa a kan Atom C2000, mai lamba AVR31: katsewar da aka aika wa furosesar da ake cikin kashe APIC ɗinta tana iya maƙalewa, ba a isar ba kuma ba a yar ba, har furosesar ta sandare. Saboda shi Linux ya sa share I/O APIC a gaba. Ko ba don wannan ba ma, hankali ya fi kwanciya da a rufe mai aikowa kafin mai karɓa.

## Mataki na 4: tsayar da sauran furosesoshi

Nan ne aikin ya fi nauyi. Ka yi `cli` a kan BSP, sannan ka aika wa sauran katsewa ta musamman ta rajistar ICR ta APIC. Linux ya keɓe lamba 0xF8 don wannan, kuma yana jira har sakan ɗaya. Furosesar da ke juyi a kan makulli da katsewarta a rufe ba za ta ji ba, don haka idan lokaci ya cika akwai wadda ba ta amsa ba, sai a bi ta da NMI, katsewar da `cli` ba ya toshewa, a ƙara jiran milisakan 10.

Kana iya tambaya me ya hana a fara da NMI tun da shi ba a toshe shi. Amsar ita ce NMI yana kama furosesa a duk inda take, ko da tana riƙe da makullin da kai za ka nema nan gaba, misali na rubutu a allo. Katsewa ta yau da kullum tana jira har ta fita daga irin wannan wuri. Saboda haka a fara da lallashi.

Ga abin da kowace furosesa za ta yi idan saƙon ya same ta:

```
cli();
fita_daga_vmx_ko_svm();
kashe_apic_na_gida();
wbinvd();              /* idan ana ɓoye RAM da SME */
sanar_da_bsp();
for (;;)
        hlt();
```

Jerin nan yana da ma'ana a kowane layi. Sanarwa ga BSP ta zo a ƙarshe, bayan an gama komai. Idan ta zo da wuri, BSP za ta wuce gaba ta fara kwafe sabon kenel a kan lambar da wannan furosesa ba ta gama gudanarwa ba. Kuma BSP ta jira amsar kowace ɗaya da sunanta, ba ƙidaya kawai ba.

`hlt`, umarnin da ke kwantar da furosesa, yana cikin madauki ne domin `cli` ba ya hana NMI da SMI da kuskuren inji farkar da furosesa. Wannan kuwa yana nuna wani rauni da ya kamata ka sani: furosesar da ke kwance a `hlt` tana nan da tsohon IDT (teburin masu karɓar katsewa), da tsohon teburin shafuka, da tsohon stak. Da zarar sabon kenel ya rubuta a kan waɗannan, duk NMI da ya zo zai sa ta nemi mai karɓar da babu shi, kuskure ya hau kan kuskure har sau uku, injin gaba ɗaya ya faɗi. Shi ya sa ake toshe duk mafarin NMI kafin kwanciya, musamman ma'aunin aiki na furosesa da kenel ke amfani da shi don gano sandarewa. Sabon kenel kuma ya gaggauta aika wa furosesoshin da ke kwance INIT.

Furosesoshin da aka riga aka kashe tun kafin sake tayarwa ma suna cikin lissafi. Idan ka kwantar da su da `mwait`, suna gadin wani adireshi ne a RAM, kuma duk rubutu a wannan adireshi yana tashinsu. Kwafe sabon kenel rubutu ne. Linux ya ci karo da wannan, maganin da aka yi kuwa shi ne a tashe su da gangan kafin kexec a mayar da su `hlt`.

Batun `wbinvd`, umarnin da ke zubar da kash zuwa RAM, ya shafi injunan AMD masu ɓoye RAM da SME. Adireshi ɗaya yana iya zama a kash sau biyu, ɗaya da alamar ɓoyewa ɗaya babu. Idan tsohon layin kash da ba a riga an rubuta a RAM ba ya sauka daga baya, zai taka abin da sabon kenel ya rubuta. Bayan `wbinvd` a rage taɓa RAM iyakar iyawa, har da stak.

## Mataki na 5: fita daga VMX da SVM

VMX na Intel da SVM na AMD su ne yanayin gudanar da kwamfutocin kwaikwayo. Wannan ya cancanci nasa kan magana, don yana hana sake tayarwa kai tsaye. Furosesar Intel da ta yi `vmxon` tana toshe INIT muddin tana cikin yanayin tushe na VMX. Idan kenel ɗinka yana gudanar da kwamfutocin kwaikwayo, kuma siginar da allo zai fitar INIT ce, sai ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, injin ya tsaya cak. Kowace furosesa, har da BSP, sai ta yi `vmxoff` ta share bit ɗin VMXE a CR4. A AMD, tutar GIF idan tana sauke tana riƙe INIT da NMI, don haka a yi `stgi` sannan a share SVME a rajistar EFER. A hanyar gaggawa ka shirya wa `vmxoff` ya yi kuskure, domin ba ka san ko furosesar ta riga ta fita ba. Ka kama kuskuren ka wuce.

Idan kuma kenel ɗinka ne baƙo a ƙarƙashin KVM, mai gudanar da kwamfutocin kwaikwayo na Linux, akwai kishiyar wannan. Ka ba mai masauki adireshi a RAM ɗinka inda yake rubuta agogon kvmclock da lissafin lokacin da aka ƙwace maka. Ka rubuta sifili a waɗannan MSR a kowace furosesa, in ba haka ba zai ci gaba da rubutu a RAM ɗin magajinka.

## Mataki na 6: kwantar da APIC na gida

Kowace furosesa tana yin wannan wa kanta, BSP a ƙarshe. A yanayin xAPIC, wato tsohon yanayin APIC, rajistocin suna 0xFEE00000. Ka fara toshe layin kuskure da ke 0x370, domin taɓa sauran layuka yana iya haifar da kuskuren APIC, kuma ba ka son ya zo maka a matsayin katsewa. Sai agogo a 0x320, LINT0 a 0x350, LINT1 a 0x360, ma'aunin aiki a 0x340, zafi a 0x330, da CMCI a 0x2F0 idan akwai. A zagayen farko ka kunna bit na 16 kawai ka bar sauran ƙimar, a na biyu ka share sauran ƙimar, bit na 16 yana nan a kunne. Ka sa sifili a 0x380 don agogo ya tsaya, ko a MSR 0x6E0 idan da wa'adin TSC kake aiki. Daga nan ka share bit na 8 a rajistar SVR da ke 0xF0.

Kashe APIC ta wannan hanya ba ya share ISR da IRR, rajistocin katsewar da ake cikin hidimarta da wadda ke jira. Idan ana cikin hidimar wata katsewa aka zo nan ba a aika EOI ba, bit ɗinta yana nan a ISR, kuma zai hana duk katsewar da ke ajinta ko ƙasa da shi shigowa. Ajin kuwa shi ne bit huɗu na sama na lambar. Bit ɗin 0xF8 da aka manta ya isa ya toshe kusan komai. Ka karanta rajistoci takwas daga 0x100 zuwa 0x170, ka rubuta EOI a 0xB0 sau ɗaya ga kowane bit da ka gani. Kenel mai hankali yana maimaita wannan lokacin tashinsa ma, tun da bai san wanda ya gada ba.

Sai x2APIC, sabon yanayin APIC da ake taɓa rajistocinsa ta MSR. INIT ba ya fitar da furosesa daga wannan yanayi, RESET ne kawai ke yi. Idan BIOS ya miƙa maka injin a xAPIC kai ka ɗaga shi, wanda zai karɓa yana iya neman rajistoci a 0xFEE00000 ya tarar babu kowa. Ba a komawa kai tsaye: sai ka share bit na 11 da na 10 tare a MSR 0x1B, sannan ka sake kunna na 11 shi kaɗai. Idan kuwa a x2APIC ka same shi, ka bar shi a haka. Wasu sababbin injunan Intel ma sun kulle shi, ba a fita.

## Mataki na 7: mayar da tsohuwar hanya da agoguna

Ƙa'idar ita ce ka mayar da injin yanayin katsewar da ka same shi a ciki. A yawancin injunan PC wannan yana nufin 8259 biyu, tsofaffin masu kula da katsewa, suna aika ta ta LINT0 na BSP a matsayin ExtINT, LINT1 kuma yana ɗauke da NMI. Don haka bayan share APIC na BSP, sai ka sake buɗe shi da waɗannan layuka biyu kawai. A wasu alluna 8259 yana bi ta wani layin I/O APIC ne, sai ka mayar da wannan layi shi ma. Tsofaffin alluna masu rajistar IMCR ana rubuta 0x70 a ƙofar 0x22, sannan 0x00 a 0x23.

8259 kansu ka toshe su da 0xFF a 0x21 da 0xA1. Idan za ka koma BIOS da tsalle, ka mayar da lambobinsu na asali, 0x08 ga babba, 0x70 ga ƙarami.

Agoguna ba su da wuya. A agogon HPET ka share bit na 0 da na 1 a rajistar 0x10. Na 1 shi ne ya ƙwace layin tsofaffin agoguna PIT da RTC, idan ka bar shi magajinka zai saita PIT ya jira bugun da ba zai zo ba. A RTC ka kashe katsewa uku da ke rajistar B, ka karanta rajistar C sau ɗaya. IOMMU, mai fassara adireshin DMA na na'urori, shi ne na ƙarshe, bayan DMA da katsewa sun yi shiru, tun da kashe shi na'ura tana aiki yana mayar da adireshinta na fassara ya zama adireshin RAM na gaske.

## Mataki na 8: buga siginar

Idan kana son BIOS ya tsallake gwajin RAM, ka rubuta 0x1234 a adireshin 0x472, in ba haka ba sifili. Sannan ka gwada hanyoyi bi da bi, da ɗan jira a tsakani, domin babu guda ɗaya da ke aiki a ko'ina.

Rajistar ACPI ita ce ta farko. Teburin FADT yana ba da adireshi da ƙimar da za a rubuta, idan bit na 10 na tutocinsa yana kunne. Sai 8042: ka jira bit na 1 na ƙofar 0x64 ya sauka, ka rubuta 0xFE, kuma jiran ya kasance mai iyaka, don injuna da yawa yanzu ba su da 8042 ko kaɗan. Linux yana gwada ACPI, 8042, ACPI kuma, 8042 kuma, sannan ya wuce zuwa `ResetSystem` na UEFI ko BIOS. Wannan maimaici an kwaikwayo shi ne daga Windows, saboda masu ƙera alluna da Windows suke gwaji, kuma abin da ba su gwada ba ba a cika dogara da shi ba.

Ƙofar 0xCF9 ita ce ta fi ba ka iko a cifset ɗin da ke da ita:

```
v = inb(0xCF9) & ~0x0E;
outb(v | 0x02, 0xCF9);
jira_maikurosakan(50);
outb(v | 0x06, 0xCF9);
```

0x06 RESET ne na gaske da ke kai wa na'urori. 0x0E yana ƙarawa da ɗauke wuta na ɗan lokaci. 0x04 shi kaɗai INIT ne kawai a cifset ɗin Intel. Sau da yawa idan ka buɗe FADT za ka ga wannan ƙofa ce ma ACPI yake nunawa.

Makamin ƙarshe shi ne kuskure mai hawa uku: ka ɗora IDT mai iyaka sifili, ka yi `int3`. Furosesa ta kasa samun mai karɓa, ta kasa samun mai karɓar kuskuren, ta sanar da cifset ta rufe. Abin da cifset zai yi da sanarwar ya rage nasa, shi ya sa nake ajiye wannan a ƙarshe. Mai amfani da Linux yana iya tilasta kowace hanya da `reboot=a`, `k`, `p`, `e`, `b` ko `t`, kuma kai ma ka ba kenel ɗinka irin wannan zaɓi tun da wuri.

## Idan kexec ne

Maimakon sigina, tsalle za ka yi, kuma lambar da za ta yi kwafin ba za ta zauna a inda za a taka ta ba. Ka keɓe shafi guda da ba ya cikin wuraren da sabon kenel zai sauka, ka kwafe 'yar lambar can, ka gina teburin shafuka inda kowane adireshi yake nuna kansa. Ka sa sifili a DR7, ka kashe abubuwan da ka kunna a CR4 waɗanda magaji bai sa rai da su ba, ka soke IDT don kada wani kuskure ya faɗa tsohuwar lamba, sannan ka sauya CR3 ka yi kwafin. Ƙa'idar tashin Linux mai bit 64 tana son katsewa a rufe, GDT mai sashen lamba a 0x10 da na bayanai a 0x18, da RSI yana nuna `boot_params`.

## Idan kenel ya riga ya faɗi

Duk abin da ke sama ya ɗauka kenel yana da lafiya. Bayan faɗuwa ba ka da ikon amincewa da makulli, ko jerin direbobi, ko mai raba RAM. Ba a fafe gora ranar tafiya: kdump, tsarin Linux na adana bayanan faɗuwa, yana keɓe RAM tun lokacin tashi da `crashkernel=`, ya ɗora kenel na biyu a can yana jira, don haka babu kwafi ranar faɗuwa, kuma DMA da ya rage yana zuba ne a RAM ɗin tsohon kenel, ba a na sabo ba.

A wannan hanya ana tsallake mataki na 1 da na 2. Sauran furosesoshi da NMI ake kama su kai tsaye, kowace ta ajiye rajistocinta don mai bincike, ta fita daga VMX, ta kwanta a cikin mai karɓar NMI ba tare da `iret` ba, wanda hakan ke hana wani NMI shigowa. Tun da furosesar da ta faɗi ba lallai BSP ba ce, ana yawan tayar da kenel na biyu da `nr_cpus=1` don kada ya aika wa BSP INIT, a kuma ƙara `reset_devices` don direbobi su sake saita na'urorinsu kafin su yarda da su.

## A ARM

Tsarin ɗaya ne, sunaye ne suka sauya. Ana rufe katsewa a DAIF, sauran furosesoshi suna miƙa kansu ga manhajar allo da kiran `CPU_OFF` na PSCI, wanda ya fi kwanciya a `hlt` tsabta nesa ba kusa ba, sake tayarwa kuma `SYSTEM_RESET` ne. Kafin tsallen kexec ana kashe MMU, a zubar da kash ɗin wurin da sabon kenel yake, a sa adireshin bishiyar na'urori a x0, a kuma sauke duk katsewar da GIC, mai kula da katsewa na ARM, ke ɗauka ana cikin hidimarta. GICv3 yana da nasa tarkon: a wasu ƙirori, da zarar an kunna katsewar LPI ba a kashewa, don haka teburansa suna ci gaba da zama a RAM, sai tsohon kenel ya bar wa sabo bayanin wurin don ya kauce masa.

## Gwaji

Ka fara da QEMU da `-smp 4 -no-reboot -d int,cpu_reset`. Ka sa madauki marar ƙarewa daf da siginar ƙarshe, ka shiga na'urar sa ido ta QEMU ka duba `info lapic` ga kowace furosesa, da `info pic`, da `info registers -a`. Abin da kake son gani: sauran furosesoshi a tsaye da IF a sauke, layukan APIC ɗinsu (LVT) a toshe, ISR babu ko bit ɗaya, babu Remote IRR a kowane layi.

QEMU tana da sauƙin hali, tana share kusan komai a kowace irin tayarwa, don haka nasara a kanta ba hujja ba ce. A injin gaske ka fitar da harafi ɗaya ta ƙofar siriyal, 0x3F8, bayan kowane mataki, kai tsaye da `outb` ba ta direba ba. Harafin ƙarshe da ya fito shi zai gaya maka inda aka tsaya. Ka sa injin ya yi ta sake tashi da kansa sau ɗaruruwa, kuma ba yana zaune ba: katin sadarwa yana shan fakiti, diski yana rubutu, kwamfutar kwaikwayo tana gudana, furosesa ɗaya a kashe tun farko, wata kuma ka sa ta juyi da gangan da katsewarta a rufe don hanyar NMI ta samu gwaji. Sannan ka maimaita duka da kexec, ka kira shi daga furosesar da ba BSP ba.